Mai Karatu da Ɓoyayyen Makashi: Abin da Ke Sa a Yaba ko a Kushe Labarin Binciken Kisa

Labarin binciken kisa, wato ƙagaggen labarin da ake buɗe shi da gawa, a ɓoye wanda ya yi aika-aikar, sannan a bi sawun hujjoji har shafin ƙarshe, yana daga cikin nau'o'in adabi masu wuyar sha'ani, domin ba a auna nasararsa da zaƙin harshe ko yawan darussa, ana auna ta ne da halin da mai karatu ya tsinci kansa a ciki lokacin da asiri ya tonu. Wani kan rufe littafin yana jinjina wa marubuci saboda ya shammace shi, wani kuma ya ajiye shi da tsaki yana cewa an raina masa hankali, alhali dukansu biyu mamaki aka ba su.

Mai karatu a wuri irin Gonin Gora, unguwar da ke ƙaramar hukumar Chikun a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda ƙabilu da dama ke zaune tare, Hausa tana matsayin harshen kasuwa da tasha, Turanci kuma harshen makaranta, ya gaji al'adun karatu biyu waɗanda ba su ɗauki laifi da mai laifi ta fuska ɗaya ba. Ta ɓangaren Turanci, ya tarar da littattafan James Hadley Chase a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai, da kuma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara fitowa a 1977, kuma marubutan Arewa irin su Mohammed Sule da Mohmed Tukur Garba suka yi rubutu a cikinsa.

Ta ɓangaren Hausa kuwa, lamarin daban yake. Tun daga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, labarin laifi a Hausa ya fi karkata ga ramuwa da sakayya, ba ga ɓoye mai laifi ba. Haka abin yake a littattafan farkon shekarun 1980, domin wanda ya karanta Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya san tun da wuri cewa Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne, wanda kuma ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare yana tare da Mailoma a cikin ta'asarsa, abin da ake jira kawai shi ne ranar da dubu za ta cika. Saboda haka mai karatun da ya taso a kan waɗannan al'adu biyu yakan zo wa labarin binciken kisa da buƙata biyu, a ba shi mamaki, kuma a nuna masa cewa alhaki ya kama mai shi, kuma marubucin da ya biya ta farko ya manta da ta biyu yakan sha suka ko da dabararsa ta yi kyau.

Muhawara a kan ko marubuci yana da ikon yaudarar mai karatu tsohuwa ce. A 1926 Agatha Christie, marubuciyar Ingila, ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, inda ya bayyana a ƙarshe cewa likitan da ke ba da labarin da bakinsa, wanda kuma yake rakiyar jami'in bincike Hercule Poirot, shi ne makashin. Wasu masu karatu sun ɗauki wannan a matsayin cin amana. Amma wanda ya koma baya ya sake duba babin da abin ya faru zai ga likitan bai faɗi ƙarya ba, ya ambaci lokacin da aka kawo wa mamacin wasiƙa, ya ambaci lokacin da shi kansa ya bar ɗakin, ya kuma tsallake mintuna goman da ke tsakani ba tare da ya ce komai a kansu ba. Wannan komawa baya, ana laluben shafuka domin a ga ko da gaske an ajiye alamar, ita ce ainihin jarrabawar juyin labari, wato sauyin ba-zata da ke rushe abin da mai karatu ya ɗauka gaskiya ne. A 1929 Ronald Knox ya tsara dokoki goma na wannan fanni, daga cikinsu akwai cewa dole makashi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma ba a yarda aljanu ko wani ikon gaibu ya warware matsalar ba.

Wannan doka ta biyu ita ce ta fi taɓa marubucin Hausa, domin a cikin adabin da boka da sammu da mafarki suke da gurbi tun fil azal, abu ne mai sauƙi marubucin da labari ya cushe masa ya sa a yi mafarkin makashi, ko ya sa makashin ya haukace ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a. Irin wannan ƙarshe yana biyan buƙatar sakayya, amma yana zubar da duk wahalar da mai karatu ya sha wajen tattara hujjoji, kamar a yi wa yaro kacici-kacici, ya ba da gari, sannan a faɗa masa amsar da ba ta da alaƙa da tambayar.

Akwai kuma matsalar yadda littafin ke isa hannun jama'a. Littattafan kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, an saba fitar da su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, yanzu kuma marubuta da yawa suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna hasashen makashi tun labarin bai yi nisa ba. Labarin soyayya yana iya jure wannan tsari, amma na binciken kisa yana shan wuya, saboda marubucin da ya ga an gano makashinsa a babi na biyar yakan so ya sauya shi, alhali babukan da ya kamata ya binne alamomin sabon makashin a cikinsu sun riga sun fita, suna cikin wayoyin masu karatu, kuma ba shi da halin gyara ko da jimla ɗaya daga cikinsu.