Ƙwaron Ƙasa Mai Zama a Ƙololuwar Kurmi: Siffarsa da Mazauninsa

A cikin jerin bayanan da muke kawo wa jama'a game da halittu da muhalli, yau za mu duba wani ƙwaro da masana ke kira Agra. Yana daga cikin babban dangin nan mai suna Carabidae, wato ƙwarin ƙasa masu taurin baya, waɗanda aka ƙididdige ire-irensu fiye da 40,000 a duniya. Manomanmu sun san 'yan wannan dangi ko da ba su san sunansu ba, domin su ne baƙaƙen ƙwarin da ke watsewa da gudu idan aka ɗaga dutse ko tsohon kara a gona. Abin lura game da Agra shi ne ya bar ƙasa ya koma zama a saman itatuwan kurmi, can inda rassa suka haɗu suka yi rumfa.

Ba a samun Agra a Afirka. Mazauninsa ya faro daga kudancin jihar Tekzas ta Amurka, ya ratsa Amurka ta Tsakiya da kurmin Amazon, har zuwa arewacin Ajantina. An riga an sa wa ire-irensa fiye da 500 suna.

Kamar kowane ƙwaro, jikinsa ya kasu kashi uku, kai da ƙirji da ciki, yana kuma da ƙafafu shida. Amma shi siriri ne, kansa dogo ne, gaban ƙirjinsa kuma ya miƙe har ya yi kama da wuya. Fukafukansa na sama masu tauri ne kamar ɓawo, a wasu ire-iren suna ƙyalli kamar tagulla, a ƙarƙashinsu kuma akwai na tashi masu laushi a naɗe.

A ganinmu, tafin ƙafarsa ne ya fi cancantar a tsaya a kai. 'Yan uwansa na gona suna da ƙafafu siraru da suka dace da gudu a kan turɓaya. Shi kuwa gaɓoɓin ƙarshen ƙafarsa faffaɗa ne, an shimfiɗe ƙasansu da gashi ƙanana masu kama abu, shi ya sa yake tafiya a kan ganye mai santsi, ko da kuwa ta ƙarƙashin ganyen ne, ba tare da ya faɗo ba. Da rana yakan manne a bayan ganye, ya tattara ƙafafu ya yi lamo. Da dare ne yake fita farautar ƙananan ƙwari, an kuma gan shi yana shan ruwan da ke tsattsafowa daga sabbin ganye. Idan aka taɓa shi, yakan fitar da wani ruwa mai wari daga ƙarshen cikinsa don korar abokin gaba.

Wanda ya fi kowa nazarin wannan ƙwaro shi ne Terry Erwin na cibiyar Smithsonian da ke Washinton, wanda ya rasu a shekarar 2020. Da yake hawa saman kurmi abu ne mai wuya, sai ya riƙa tura hayaƙin maganin ƙwari zuwa cikin rassa, yana tara abin da ya zubo a shimfiɗu. A ƙasar Panama ya yi haka ga itatuwa 19 na iri ɗaya, ya sami ƙwari masu taurin baya kimanin iri 1,200. Daga nan ne ya yi hasashe a 1982 cewa ire-iren ƙwari da danginsu a kurmin duniya za su kai miliyan 30. Masanan da suka biyo baya sun ga adadin ya yi yawa. Nigel Stork ya ƙiyasta ƙwarin duniya a kan iri miliyan 5.5 a shekarar 2018. Duk da haka, babu mai jayayya cewa itace guda a kurmi gari ne cike da mazauna, kuma idan aka sare shi, ƙwaron da aka yi wa ƙafar bin ganye ba shi da wurin komawa.

Mu ma a nan ƙasar muna da kurmi irin mai rumfa a gandun dajin Kuros Riba, da sassan Gashaka-Gumti, da Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, kowanne da nasa ƙwarin. Kusa da gida kuwa, yawancin ƙwarin ƙasa na gonakinmu ba sa cin shuka. Tsutsotsi da sauran ƙwarin da ke ɓarna su ne abincinsu. Ƙona daji da fesa magani barkatai suna kashe su tare da maɓarnatan. Don haka muna jan hankalin malaman gona da hakimai da dagatai da su riƙa bayyana wa manoma wannan bambanci kafin lokacin sharar gona.