Ma'aikatar magajin gari a cikin salula: abin da ya sa mutanen Seoul suka juya mata baya

A watan Janairun 2023, magajin garin Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, Oh Se-hoon, ya buɗe wata ma'aikata da ba ta da gini. Sunanta Metaverse Seoul. Mutum yana sauke manhaja a salularsa, ya ƙirƙiri wani ɗan mutum-mutumi mai wakiltarsa, ya tuƙa shi cikin ofisoshin birni da aka zana da kwamfuta. A can zai iya neman takarda, ya yi tambaya a kan haraji, ko ya kai kukansa. Matakin farko kaɗai ya ci won miliyar 2, wato kusan miliyar ɗaya na sefa, kuma an tsara aikin zai ci gaba har 2026.

Bai kai ba. A watan Oktoban 2024 hukumar birnin ta rufe shi, saboda a garin da ke da mutane fiye da miliyan 9, ɗaruruwa ƙalilan ne ke leƙawa a rana.

Ba rashin intanet ya hana su ba, domin Koriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa saurinta. Mutanen Seoul sun riga sun saba da shafin gwamnati na Government24, inda ake fidda takardu da yawa daga gida, da kuma lambar waya 120 ta kai ƙorafi. Wanda ke son takardar shaidar zama ba yawon buɗe ido ya fito ba. Da me zai ɓata lokaci yana zaɓar wa mutum-mutuminsa riga, yana jan shi daga ƙofa zuwa teburi, alhali danni biyu ko uku sun isar masa? An dai maido masa da tafiya zuwa ofis, abin da intanet ta zo ta ɗauke masa tun farko.

Tarayyar Turai ma ta ɗanɗana. A 2022 ta kashe yuro dubu 387, sama da miliyan 250 na sefa, a kan irin wannan dandali don jawo matasa. Ranar babban bikin da aka shirya, ɗan jaridar Devex da ya shiga ya tarar da mutanen da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, daga ƙarshe ya rage shi kaɗai.

Ga ɗan Maraɗi da ke Abidjan ko Tripoli, wanda sai ya aika ɗan'uwa ya bi layi kafin ya samu kwafin takardar haifuwarsa, buƙatar ba ta bambanta da ta mutumin Seoul ba: takarda ta fito, a san kuɗinta da ranar karɓarta. Bambancin shi ne mutumin Seoul yana da wata ƙofar da ya koma ranar da aka rufe wannan.