Manhajojin Gwada Rabon Aiki a Kwamfuta Mai Furosesa da Yawa

Kwamfutar da ke sarrafa birkin mota ko tuƙin jirgin sama ba ta da damar jinkiri. Kowane aikinta yana da wa'adi, kuma amsar da ta iso a makare, ko da daidai ce, ba ta da amfani. Shi ya sa ake ɗora mata ƙa'idar da ke yanke aikin da zai fara da wanda zai jira.

A 1973 masu bincike Liu da Layland suka kafa tubalin wannan fanni a kan furosesa guda. Ƙa'idar RM, mai fifita aikin da ya fi yawan maimaituwa, tana cika kowane wa'adi muddin nauyin ayyukan bai haura kimanin kashi 69 cikin 100 na ƙarfin furosesa ba. Ita kuwa EDF, mai fifita aikin da wa'adinsa ya fi kusa, tana iya ɗaukar kashi 100 cif.

Da furosesa suka yawaita sai lissafi ya cakuɗe, kamar yadda Dhall da Liu suka nuna a 1978. A ɗauki furosesa biyu da ayyuka uku: biyu kowanne na cin milisakan 2 cikin kowane 10, na ukun yana cin 10 cikin kowane 11. EDF za ta fara da ƙananan biyun, babban ya tashi a milisakan na 2, ya ƙare a na 12, bayan wa'adinsa da ya cika a na 11, alhali nauyin duka bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin injin ba. Da an keɓe masa furosesa nasa, da kowa ya cika wa'adi.

Irin wannan tarkon ne manhajojin kwaikwayo ke tonawa. Mai bincike yana shigar da tsawon kowane aiki, da tazarar maimaituwarsa, da wa'adinsa, da adadin furosesa. Manhajar sai ta tafiyar da agogon ƙirƙira, ta zana jadawali, ta ƙirga sau nawa aka saɓa wa'adi, aka katse aiki, ko aka mayar da shi wani furosesa. Ana maimaita gwajin da dubban tarin ayyuka domin a kwatanta ƙa'idoji. Fitattu uku daga Faransa suka fito: Cheddar ta Jami'ar Brest da aka rubuta da harshen Ada, STORM ta Nantes da Java, da SimSo ta cibiyar LAAS a Toulouse da Python.

Sai dai kwaikwayo yana da iyaka. Idan ya nuna an saɓa wa'adi, hujja ta tabbata. Idan bai nuna ba, wataƙila bai gamu da mafi munin yanayi ba ne, musamman ga ayyukan da ba a san ranar zuwansu ba balle sa'a. Don haka ake haɗa shi da hujjar lissafi da gwaji a kan injin gaske, ta amfani da tsari kamar LITMUS-RT, wanda Jami'ar North Carolina ta gina bisa Linux.