Wa Zai Ƙirga Mata Idan Mun Koma Gida?

Duk safiya, kafin in ba mara lafiya 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ake kira digoksin, sai na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, na zuba wa agogo ido har minti ɗaya cur. Idan bugun jini ya kai 60, sai in ce bismillah, sha. Idan ya gaza haka, ƙwaya ta koma kwalba, ni kuma in nemo likita. Na daɗe ina wannan aiki a ɗakin mata masu ciwon zuciya, har hannuna ya saba.

Ana gobe za a sallami wata Inna da aka kawo mana daga ƙauye, ƙafafu sun kumbura suntum, sai 'yarta da ke jinyarta ta ce da ni, "Sista, to in mun koma gida wa zai riƙa ƙirga mata?" Na ce, "Ke mana." Na kama yatsunta na ɗora a gindin babban yatsan Inna, inda jijiya ke harbawa, muka ƙirga tare sau uku da agogon wayarta.

Ciwon Inna shi ne gajiyar zuciya. Zuciya ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu, mutum ya kasa kwanciya sai an jera masa matasai. Domin fitar da ruwan ne ake ba da Lasix, wanda marasa lafiya suka laƙaba wa suna maganin fitsari. Shi suka fi tsana, kuma ban ga laifinsu ba. Mace ba ta riƙe alwala, ba ta sakewa a gidan biki, tana fargabar shiga motar haya. Sai ta tsallake shi ranar kasuwa, ta tsallake ranar suna, kafin mako ya zagayo haki ya dawo. Abin da nake ce musu, a sha da sassafe, domin ƙarfinsa yakan lafa bayan kamar awa 6. In fita ta kama da safe, a jinkirta sai an dawo, amma kada a kai shi dare. Mai sikeli ta hau kowace safiya bayan ta yi fitsari. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ya taru, a zo asibiti. Wadda ba ta da sikeli ta danna ƙaurinta da yatsa ta ga ko zai lotsa, ta kuma lura in zobe ko takalmi ya fara matse ta.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne inda magungunan biyu suka haɗu. Lasix ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, yana tafiya da wani sinadari na jini mai suna fotasiyam, kuma idan fotasiyam ya yi ƙasa, digoksin yakan rikiɗe ya zama guba. Tsohon magani ne, daga ganyen wani fure aka samo shi, kuma tun 1785 wani likita a Ingila, William Withering, ya rubuta amfanin ganyen ga masu kumburi, ya kuma yi gargaɗi a kan illarsa in ya yi yawa. Alamomin ba su canja ba har yau: ƙin abinci, tashin zuciya, amai, jiri, wani lokaci mutum ya riƙa ganin komai ruwan ɗorawa.

Haka kuwa ta faru da Inna bayan 'yan makonni. Maƙwabta suka ce shawara ce, har an fara jiƙa saiwa. 'Yar ta ƙirga bugu ta samu 48, ta ƙi ba da ƙwayar ranar, ta sa aka nemo mota. Da aka auna jini, fotasiyam ya sauka. Kwana kaɗan Inna ta yi muka sake sallamarta. Har yau in na tuna yarinyar nan, wadda ko firamare ba ta gama ba, sai in ji daɗi ya cika ni.

A zuwan nan na biyu ne na ji wani abu da ya dame ni. Wani ɗan'uwansu mai ilimin boko ya ce a dama mata kunun kanwa, wai kanwa za ta mayar da abin da ta rasa, saboda sunanta na Turanci ya yi kama da fotasiyam. Kanwar da muke sawa a miya da kunu yawancinta sodiyam ce, ɗan'uwan gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarin gajiyar zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta yawanta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta. Mai ciwon zuciya ta nisanci kanwa, ta rage gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Mai neman fotasiyam ta ci ayaba, lemo, wake da dankalin Hausa. Amma a tambaya tukuna, domin mai shan maganin Aldactone ko mai ciwon ƙoda, nata fotasiyam taruwa yake yi, ƙari zai cutar da ita.

Sauran magungunan ma kowanne da halinsa. Lisinofril yakan kawo busasshen tari wanda maganin tari ba ya ji, sai dai likita ya sauya shi. Mai ciki ba ta shan sa, kuma in leɓe ko harshe ya kumbura, a taho asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ba a hana ta zogale da alayyahu ba, sai dai kada ta ci kwano guda yau ta ƙaurace wata guda, domin ganye yana rage masa ƙarfi. In ta ga haɓo, jini a dasashi ko baƙin bayan gida, ta zo. Magungunan ciwon jiki na kemis irin su diklofenak da ibufurofen suna sa jiki ya riƙe ruwa, suna kuma wahalar da ƙoda. Ga maza kuwa akwai maganar da kunya ke hana a yi: wanda ake sa wa ƙwayar ƙarƙashin harshe saboda ciwon ƙirji, in ya haɗa ta da Viagra, jininsa zai iya faɗuwa warwas har a rasa shi.

Kalmar da na fi ji a bakin waɗanda aka dawo mana da su ranga-ranga ita ce, "Ai na ji sauƙi ne na daina." Sauƙin nan maganin ne ya kawo shi, kuma yawancin waɗannan ƙwayoyi na tsawon rai ne. In kuɗi ne suka yanke, a faɗa mana, sau da yawa akwai mai rahusa. In azumi ne ke tafe, a zo tun a Sha'aban a tsara lokutan sha.

Ina roƙon duk mai jinyar uwa ko uba ko miji, ranar sallama kada ku fita sai kun san sunan kowace ƙwaya da aikinta da lokacin shanta. Ranar dawowa ganin likita kuma ku zo da ledar gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, mu duba tare.