Duwatsun Kazaure da Filin Ɗanbatta a Tarihi

Sau da yawa yanayin ƙasa shi ke tsara makomar mazaunanta. Ɗanbatta tana cikin shimfiɗaɗɗen fili na gonaki, babu maɓoya. Saboda haka, yayin da Ɗantunku, jagoran Fulani Yarimawa, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a cikin 1819, sai ya tashi daga nan ya kafa sansaninsa a duwatsun Kazaure, inda rundunar Kano ta kasa murƙushe shi. Daga bisani Sakkwato ta amince da Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta. Ɗanbatta kuwa ta tabbata a hannun Dambazawa, watau gidan Sarkin Bai. Wannan tsohuwar iyaka ita aka bi nan wajen raba Jigawa da Kano cikin 1991.