Tsohuwar motar gudu: abin da ya kamata a auna kafin a miƙa kuɗi

A farkon watan Janairu na 1979 ne motocin tseren Paris-Dakar na farko suka ratsa ƙasar nan, suka gangaro daga Tamanrasset zuwa Agadas, daga can suka nufi Yamai. Shekara da shekaru bayan haka, in hunturu ya kama, yara sukan jeru a bakin hanya suna kallon ƙura tana tashi, suna gardama a kan motar da ta fi gudu. A 1987 Ari Vatanen, mutumin ƙasar Finlan, ya ci tseren da Peugeot 205 Turbo 16, sunansa ya shiga bakin samari. Yaran nan yau sun manyanta. Waɗansu ma'aikatan gwamnati ne, waɗansu ƴan kasuwa, kuma sha'awar motar gudu ba ta bar zukatansu ba. To ga shi zamani ya kawo irin waɗannan motoci har ƙofar gida: a filayen da ake sayar da motocin hannu, tsakanin Toyota da Peugeot, akan ga wata mai faɗin taya, mai bakin hayaƙi huɗu, dillali yana rantsuwa cewa kuɗinta bai kai rabin na sabuwar ƙaramar mota ba.

Domin maganar ta fito fili, sai a ɗauki mota guda a yi misali da ita, wato BMW M3 irin wadda masu sana'a ke kira E46, da aka ƙera a ƙasar Jamus daga 2000 zuwa 2006. Injinta na lita 3,2 ne, silinda 6, ƙarfin doki 343. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 5 da ɗoriya, kuma kamfanin ya ƙayyade ta kada ta wuce 250. A 2001 injin nan ya ci kyautar injin shekara ta duniya. Kuɗin sabuwarta a Turai, in an juya shi zuwa sefa, ya haura miliyan 30. Ba wanda zai kushe ta a fannin ƙira. Sai dai ƙaramar cikinsu yau ta kusa shekara 20, babbar kuma ta wuce.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya tambayi kansa shi ne: me ya sa wannan motar ta baro ƙasarta? A Turai masu sha'awa suna neman M3 mai lafiya ruwa a jallo, wadda aka riƙe da kyau, da takardun gyaranta cikakku, har kuɗinta ya koma hawa maimakon sauka. Irin wannan ba ta da dalilin shiga jirgin ruwa da araha. Wadda takan shiga ita ce wadda mai ita ya ji kuɗin gyara ya girgiza kai. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 bisa 100 kuma Afirka suka nufo. A shekarar nan dai hukumomin ƙasar Holan suka binciki motocin da ake fitarwa daga tashoshinsu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu sun yi shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Daga Amurka ma akan kawo motocin da ambaliya ta ci ko suka yi haɗari, a wanke su, a shafa fenti.

Mota tana tsufa kuɗinta ya faɗi, amma bukatunta ba sa faɗuwa tare da shi. Wanda ya sayi motar miliyan 30 a kan kuɗi kaɗan, ranar da ta lalace kayan motar miliyan 30 zai nema. Nan ne yawancin masu saye suke yin kuskuren lissafi, don sukan tattara duk abin da suka mallaka, wani har da bashin banki a kan albashi, su biya kuɗin mota da na duwan, su shiga gari ba ko jika goma a gefe.

Cututtukan da ido ba ya gani

M3 tana da cututtuka guda uku da duk makaniken da ya san ta yake tambaya kafin komi. Na farko yana can ƙasan injin. Tsakanin sandar fistan da babban ƙarfen da ke juyawa akwai waɗansu siraran ƙarafa masu kamar rabin zobe, waɗanda masu garaji ke kira kusine. Injin da ke juyawa har sau 8.000 a minti yana cin su da sauri, balle in mai motar ya saba taka ta tun injin bai yi ɗumi ba. Kamfanin da kansa ya kira da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar 2003 ya sauya musu su. Sauya su a kan lokaci aikin yini ɗaya ko biyu ne. Amma in aka bari ɗaya ya cinye, sai a ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, kafin a ankara babban ƙarfen ya lalace, wani lokaci sandar ta fasa jikin injin ta fito. Daga nan maganar gyara ta ƙare, sai neman wani injin, shi ma na hannu, shi ma ba a san tarihinsa ba.

Na biyu wata na'ura ce a gaban kan injin mai suna VANOS, wadda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. A cikinta akwai waɗansu ƴan kunnuwan ƙarfe biyu da sukan karye, kuma in gutsuren ya faɗa cikin sarƙar injin ɓarnar ba ƙarama ba ce. Na uku kuwa ya fi su ɓoyuwa: ƙarfen gindin motar, daidai inda aka ɗaure gatarin ƙafafun baya, yakan tsage. A Amurka har maganar ta kai kotu, aka sasanta a 2009. Tsagar nan ba a ganinta sai an ɗaga mota sama, an goge datti, an haska fitila. Gyaranta na gaskiya kuma sai an sauke gatarin gaba ɗaya an yi walda da ƙarin ƙarfe. In tsagar tana faruwa a kan hanyoyin Jamus masu santsi, sai a ƙiyasta abin da ramuka da hanyar tsakuwa za su yi mata.

Bayan waɗannan akwai ƙananan da su ma ba sa raina aljihu. Waɗansu M3 suna da giya mai suna SMG, wadda ke sauyawa da famfon mai da kwamfuta. In famfon ya mutu mota takan ƙi shiga giya ko'ina take, ko da tsakiyar kasuwa ne. Mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sannan kayan sanyaya injin, da yawansu na roba ne, kuma roba mai shekara 20 takan bushe ta fashe. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Yamai, minti kaɗan na tafiya ba ruwa ya isa ya lanƙwasa kan injin.

Mai, da hanya, da makanike

Injin irin wannan an yi shi ne don esansi mai daraja 98, in an rasa 95. Yana iya rage ƙarfinsa da kansa in ya ji man ya gaza, amma haƙurin nasa yana da iyaka. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, guba ne gare shi. Man injin ma nasa daban ne, mai lamba 10W-60, fiye da lita 5 a kowane juye, kuma ba kowace tasha ke da shi ba. Wanda ya zuba na gama-gari don sauƙi, kusinen nan da aka ambata su za su biya. Ƙurar hunturu kuma tana tilasta sauya matatar iska da juyen mai tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, domin littafin ba don Sahel aka rubuta shi ba.

Tankinta yana cin lita 63. Bisa farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yuli na 2024, sefa 499 lita guda, cika shi ya haura jika 31, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar daga Janairun 2024 jika 42 ne. A cikin gari tana shan kusan lita 18 a kilomita 100, wato tankin nan bai wuce kilomita 350 ba. Binyet da asirans su ma bisa ƙarfin injin ake yanka su.

Sai maganar kayan gyara. Peugeot 504 ta daɗe a hanyoyin nan ne saboda tun 1975 akwai masana'antar Peugeot a Kaduna, kayanta suka cika kasuwanni daga Kano zuwa Maraɗi, kowane yaron garaji kuma ya buɗe cikinta ya rufe. Toyota ta gaji wannan matsayi. M3 ba ta da wannan gata. Gaskiya ne akwai ƴan'uwanta 318 da 320 da 325 da yawa a yankin nan, jikinsu ya yi kama, amma injin da birki da gatarin baya duk daban suke. Sau da yawa sai an aika Legas ko Turai, mota ta kwana a garaji wata guda ko biyu tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Makaniken ma sai an tona: ana bukatar mai na'urar karanta kwamfutar motar, wanda kuma ya iya daidaita tazarar bawul da ma'auni. Gwani a kan 504 yana iya yi wa wannan injin illa da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi na kuɗi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Mai gudun 180 tana cin mita 50, kuma nisan da take bukata kafin birki ya tsayar da ita ya ninka sau huɗu. A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi zuwa Damagaram, jaki da amalanke, garken awaki, raƙumi da yaron da aka aika tsallaken hanya duk suna da rabonsu. Motar tana tura ƙarfinta duka ta ƙafafun baya, saboda haka yashi kaɗan a kan kwana ya isa ya juya gindinta. Sabon direba da ya saba da ƙaramar mota bai san wannan hali ba sai ranar da ya gamu da shi, a kan tsofaffin tayu da birkin da ba a san shekarunsa ba.

In an nace sai an saya

Duk da haka ba a ce kowa ya guje ta ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin shi ne a saye ta da sunan ƙwarya. Mai niyya ya fara da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17. Ta M3 ta gaskiya tana farawa da WBS, ta ƴan'uwanta irin su 318 da 320 da 325 kuwa da WBA, kuma wannan kaɗai ya isa ya tona asirin wadda aka manna wa tambari a baya. Lambar nan ta dace da wadda ke kan takardar duwan da kartigiriz, harafi da harafi. Kada a yarda da alƙaluman kilomita da ke gaban direba, domin mayar da su baya aikin minti kaɗan ne; sitiyari da kujera da robar feda sun fi su faɗin gaskiya. A nemi takardun gyara, musamman shaidar cewa an taɓa sauya kusine. In babu, a ɗauka ba a sauya ba, a cire kuɗin aikin daga farashi.

A je ganin motar da sassafe, a dafa injin a tabbata da sanyinsa kafin a tayar, don dillali mai wayo yakan ɗumama ta tukuna ƙarar da ake tsoro ta ɓuya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a duba laka, tsatsa ko warin danshi. A karanta alƙaluma huɗu da ke gefen taya: 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma tayar da ta wuce shekara shida ba abin yarda ba ce a wannan gudu ko da zanenta bai cinye ba. Daga nan a kai ta wurin makaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, ba wanda dillali ya nuna ba, a ɗaga ta sama. Mai sayarwar da ya ƙi wannan ya riga ya ba da amsa.

Ma'aikacin da mota guda ce za ta kai yara makaranta, ta kai mai ciki asibiti da dare, ta je gida ranar salla, wannan motar ba tasa ba ce, ko da kyauta aka yi masa tayinta. Ta dace da wanda yake da wata motar ta yau da kullum, yake da inuwar ajiye ta, ya san makanikenta tun kafin ya saya, kuma bayan ya biya komi yana da ragowar da za ta sayi wani injin ba tare da an taɓa abincin gida ba. Shi ma akwai abin da ya kamata ya sani kafin tafiyar farko: M3 ba ta zuwa da tayar safaya, domin bututun hayaƙinta ya cinye wurin, sai wani ɗan famfo da ruwan liƙe huda da kamfanin ya saka a but, wanda ba ya maganin tayar da rami ya yaga. Ya nemi taya da jak ya ajiye tun yana Yamai, don daga Doso zuwa Dogon Dutsi tafiyar fiye da kilomita 130 ce, kuma mai faci na bakin hanya ba ya ajiye taya mai faɗin milimita 255.