Babi na Tara: Mai Zane a Bakin Ruwa

Wanda ya kalli zanen da Johannes Vermeer ya yi wa garinsu, Delft ta ƙasar Holan, wajen shekarar 1660, gajimare da hasumiyar coci zai fara gani. Sai ya ƙara zura ido zai lura cewa ruwan da ke gaban garin mashigin jirage ne da mutane suka haƙa da hannunsu. Ga ƙofofin ganuwa biyu a bakinsa, ga jirgin fito a ɗaure, ga mata biyu tsaye a kan yashi suna hira. Da dabara mutanen Holan suka ƙwaci ƙasarsu daga hannun ruwa, shi ya sa masu zanensu ba su gajiya da zana magudanai da gadoji. Abin da gari ke tutiya da shi, shi yake bayarwa a zana.

Mu dawo gida. A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Tsawonta kilomita 5.5 ne, tafkin da ta tara kuma ya shafe kusan hekta 8,000. Daga nan ruwa ke bin hanyoyin siminti zuwa gonakin shinkafa na Mafara da Bakura da Maradun, ƙasar da har akwai garin da ake kira Tsibiri.

Mai zanen da ya zauna a nan da rani ba zai rasa aiki ba. Hanyar ruwa ta miƙe sambal kamar an ja ta da zare, ta ratsa fadamar da a da ambaliya ce ke shata mata iyaka. Gefe guda kore shar, ɗaya gefen ƙasa ta bushe ƙayau. Yara na ninƙaya kusa da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa a saki ruwa, ga amalanken shanu ɗauke da buhuna za shi kasuwa.

Sai dai fenti ba ya nutso. Ƙarƙashin tafkin nan akwai gonaki da ƙauyukan dubban mutanen da aka tasa. A watan Afrilun 1980, manoman da suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya sun gamu da harsasan 'yan sanda a Birnin Tudu, aka rasa rayuka da dama. Mai karatu, in an nuna maka zanen Bakolori, ka tambayi mai zanen ko an ba shi labarin Birnin Tudu kafin ya ɗauki buroshi.